Hayaƙin Shekara ta Uku

Tagunt, 4 ga Maris, 1986

Iddir ɗan Hammu,

Sallama da gaisuwa. Yau shekara talatin da biyar ke nan cif da ubanka ya raka ni tashar mota a Marakish, yana riƙe da jakata, ya ce mini, "Ka je ka riƙe mana wurin shekara biyu kawai, Addi. Da na gama jarrabawa zan zo in karɓe ka, kai ma ka dawo ka gama taka." Ina nan ina jiransa.

Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka idan kana da su. Mu nan da sauƙi. Matata Tuda idonta na hagu ya yi fari. Ni kuma gwiwoyi sun ƙi ni, ƙirjina yana kuka kamar tsohuwar ƙofa in na hau ko da matakalar soro ce. Sanyin bana ya kashe mana tumaki shida.

Ba ka san ni ba, kuma ba na zaton ana ambaton sunana a gidanku. Kakana da kakan ubanka ɗaki ɗaya suka fito. Tare aka kai ni da Hammu makaranta a birni, benci ɗaya, bargo ɗaya. Ni nake yi masa lissafi. Faransancin nan da kake karantawa, wanda na tabbata ya fi naka tsabta, a can na koye shi. Da mahaifina ya rasu, sai ya zama babu namijin da zai hau dutse da dabbobin gida sai ɗayanmu. Ni na dawo.

Ga abin da ya sa na nemo adireshinka. Gidanmu, wato mu da ku, yana da bukkar dutse ɗaya da idon ruwa ɗaya a hurumin Tizgi, can sama inda ciyawa take kai wa doki ciki. Dattawa suna rufe hurumin a tsakiyar wannan wata, su buɗe shi ranar goma ga Agusta. Ranar buɗewa kowane gida yakan hau ya hura wuta a bukkarsa, masu gadi su ƙirga hayaƙi. Gidan da aka yi shekara uku a jere ba a ga hayaƙinsa ba, sai a fitar da shi, a ba wani wurin. Kuma sai namiji mai jinin gidan ne zai hura wutar. Suruki ba ya yi, ɗan ƙodago ba ya yi.

Bara waccan ina kwance. Bara na ɗaura wa goɗiyata sirdi, na kai rabin hanya numfashi ya ƙi, aka sauko da ni a kan alfadari kamar buhun sha'ir. Bana ce ta uku. 'Ya'yana uku duk mata ne. Ubanka, an ce mini, ko tsayuwa sai an riƙe shi. Saura kai.

'Yan gidan Ubaha, maƙwabtanmu a can sama, sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan idon ruwan. Ranar kasuwa babbansu, Birik, ya tare ni gaban mai shayi ya ce, "Ɗalibi, yaya gwiwa? In za ka tashi ka bar mana tukunyar da ke bukkar, ka ga mun rage kaya." Aka yi dariya. Ɗalibi suke ce mini har yau, ina da shekara sittin.

Ba roƙonka nake yi ba. Maganar ubanka nake tuna maka. Yini ɗaya ne cikin shekara talatin da biyar.

Addi u Bihi


Liyon, 11 ga Afrilu, 1986

Dadda Addi,

Na amsa sallama, Dadda, kamar yadda ake kiran babba a gida, ina gaishe ka da girmamawa, da Inna Tuda. Allah ya ba ku lafiya, ya mayar da abin da sanyi ya ɗauka. Ni lafiya ƙalau. Ina tuƙa motar bas a nan, ban yi aure ba tukuna. Gaskiyarka ce, Faransancinka ya fi nawa. Sai da na duba kalma biyu a ƙamus.

Ba daidai ba ne da ka ce ba a ambatonka. Akwai hoto a ɗakin Baba, samari biyu da hula ɗaya a tsakaninsu, tun ina yaro na san ɗayan Addi ne. Na karanta masa wasiƙarka ranar Lahadi. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, amma kansa garau yake. Ya ce ba haka aka yi ba. Ya ce ka faɗi jarrabawar share fage a shekarar, kunya ta sa ka ce kai za ka koma gida, kuma ya rubuta maka sau biyu ba ka ba shi amsa ba. Daga nan ya yi ta kuka har sai da ƙanwata ta kore ni daga ɗakin. Ni ban san gaskiyar ba, Dadda, ban kasance a wurin ba. Na dai faɗa maka ne don kada ka ɗauka ya manta. Takarda ta cika, bari in ɗauko wata.

To, ga magana mai daɗi. Zan zo. Na riga na nemi hutu. Kada ka ɗauka ban san doki ba, shekara shida ke nan ina hawa duk ranar Asabar a wani gidan dawaki da ke bayan gari. Abokaina biyu na wurin aiki sun ji labarin, sun ce ƙafata ƙafarsu. Mun shimfiɗa taswira mun duba. Maimakon mu biyo ta Tagunt, za mu sauka ta kudancin dutsen, mu yi hayar dawaki a can, mu yi kwana biyar muna hawa muna kafa tanti, mu faɗo Tizgi ta baya. Za mu isa ranar bakwai ga Agusta. Bukkar da ta shekara biyu ba kowa na san rufinta ya lalace, sai mu yi kwana ukun muna gyara, ranar goma ta same mu a ciki da wutarmu. Na gane an rufe wurin ne saboda garken tumaki, mu kuwa mutum uku ne da dawaki huɗu, kuma bukkarmu ce. Idan akwai abin da bai yi ba a wannan shiri, ka faɗa mini, akwai lokaci. Bayan buɗewa sai in sauko in gaishe ku in ci burodin Inna.

Ka ce wa Birik ya sayi tukunyarsa.

Ɗanka,
Iddir


Tagunt, 27 ga Yuni, 1986

Ɗan Hammu,

Sallama. Muna nan yadda ka sani. An yanke sha'ir, bai yi auki ba. Idon Tuda na dama ya fara bin ɗan'uwansa.

Wasiƙarka ta zo tun Afrilu. Na karanta abin da ya ishe ni, na jefa ta cikin akwati. Wata biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don abin da zan rubuta a lokacin ba na ɗan mutum ba ne ya karanta a kan ubansa.

Na faɗi jarrabawa? Ni? Ga takardar sakamakona nan na sa maka a ciki, da hatimin makaranta da sa hannun shugaba. Ka kai masa, ka karanta masa da ƙarfi ta kunnen da yake ji. Na biyu na zo cikin mutum arba'in da ɗaya. Ka tambaye shi na nawa ya zo. Ka tambaye shi wa ya zauna da shi a bakin rijiyar masallaci yana zana masa kusurwoyi da gawayi a kan dutse. Ka dawo mini da takardar, ita kaɗai ta rage mini.

Wasiƙu biyun da yake faɗa sun zo, wannan gaskiya ne. Ban buɗe su ba. Ba takarda ya yi mini alkawari ba, ƙafarsa ya yi mini.

Ka ce ya yi kuka. Kukan mai kujera a ɗaki mai ɗumi. Shekara talatin da uku na hau dutsen nan da ƙafata da ta goɗiya. Na kwana da kaska, na binne 'yan raguna, na cire wa doki tsakuwa daga kofato da wuƙar da nake feƙe fensir da ita a makaranta. A shekarun farko ina hawa da littattafai a cikin jakar sirdi. Wata shekara ruwa ya shiga, wata shekara akuya ta ci rabin littafin tarihi. Daga baya na daina ɗauka. Mutanen nan ba su taɓa tambayata abin da na karanta ba, sai dai in an aiko takardar gwamnati a ce, "A kira Ɗalibi." Wurin nan da nake kiranka dominsa ba aljanna ba ne, Iddir. Bukka ce da mutum ba ya miƙewa tsaye a cikinta, da ruwa mai sanyin da ke sa haƙori ciwo. Amma shi aka ba ni a madadin komai. In ya tafi, ban san me zan ce na yi da raina ba.

Tuda ta ce in daina zagi in tambaye ka ko kana cin man shanu mai tsami, don 'yan birni ba sa so. Ta wanke bargon baƙi tun yanzu. Na ce mata, "Wanda ba ki ga ƙeyarsa ba kike wa wanki?" Ta ce, "Kai ma ba na ganin taka, ina wanke maka."

In za ka zo, ka zo. Na sa an yi wa goɗiya sabon takalmi. Abu ɗaya zan faɗa maka: kada ka makara ko da yini ɗaya ne. Ranar goma in rana ta faɗi ba a ga hayaƙi ba, an gama.

Addi


Bukkar Tizgi, 8 ga Agusta, 1986

Dadda Addi,

Sallama daga gidanka na sama! Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiyarmu ƙalau, sai dai cinyoyi sun yi tsami, ɗaya daga cikin abokaina kuma rana ta ƙone masa hanci ya zama kamar tumatir. Na kai wa Baba takardar sakamakonka. Ya daɗe yana riƙe da ita. Tana cikin jakata.

Ka ce kada in makara ko da yini ɗaya. Ga ni da kwana uku a hannu. A kan dutsen ƙofarka nake rubuta wannan, zan ba ka ita hannu da hannu, amma na kasa jira sai na faɗa wa wani.

Dadda, me ya sa ka ce ba aljanna ba ce? Kwana biyar muna hawa cikin tsakuwa da ƙaya, dawaki suna cin sha'ir daga jaka don babu ko tsinke a ƙasa. Muna kafa tanti inda muka sami ruwa, mu yi wa dawaki dabaibayi, mu dafa shayi da busasshiyar ƙaya. Jiya da hantsi muka haye wuyan dutsen, sai ga kore shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba sawun kowa, furanni ja da rawaya har gwiwa. Dawakin da kansu suka tsaya suna huci. Na sauka na cire hula ban san dalili ba.

Mai dawakin, wani dattijo Assu, ya ɗan ba mu wahala. Da muka zo wasu duwatsu da aka jera aka shafa musu farar ƙasa, ya ja alfadarinsa ya tsaya, ya ce shi ba ya wuce nan kafin ranar. Yarenmu nawa guntu-guntu ne, amma na fahimtar da shi cewa bukkarmu ce, kai ka kira ni, kuma na rubuta maka shirin tun Afrilu ba ka hana ba. Na nuna masa wasiƙarka. Ba ya karatu, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "In dattawanku sun yarda a gyara rufi, ruwansu. Ni dai a nan za ku same ni." Ya zauna da butarsa. Ni na ja dawakin na shigo da su.

Rufin ya faɗa ta kusurwa ɗaya, mun ɗaga shi. Na sami tukunyar. Na sami inda ka kankare sunanka a jikin ginshiƙi, da wani lissafi a ƙarƙashinsa wanda abokina ya ce na 'yan jami'a ne. Mun cire wa dawaki dabaibayi mun sake su, ka ga yadda suke birgima a cikin ciyawar nan kamar yara. Da safen nan na hura wuta don in gwada murhun. Hayaƙi ya miƙe sama sak. Na ce a raina, to Birik, ƙirga wannan.

Dadda, na ci gaba da rubutu bayan la'asar. Wasu mutum biyu sun zo da sanduna, sun ce su ne masu gadi. Hayaƙin suka gani. Ba su yi mana faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ɗayan ya zaga yana duba inda dawaki suka ci da inda suka kwanta, yana tsinke ciyawar da aka tattake yana sawa a hularsa. Ɗayan ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na faɗa, sai ya dafe kai ya ce, "Wayyo Ɗalibi." Sun ce mu kama dawaki mu fita ta inda muka shigo kafin rana ta faɗi, kuma kada in dawo ranar goma. Na ce a ci ni tara, ko nawa ne. Ya ce ba a nan ake wannan maganar ba.

Ban gane ba. Me na yi? Na rubuta maka komai. Mai gadin ne zai kawo maka wannan, da takardar sakamakonka. Dole in raka Assu da dawakinsa har gida, kwana huɗu ne, daga can kuma ban san ko ina da fuskar da zan zo Tagunt da ita ba. Ka rubuto mini Liyon.

Iddir


Tagunt, 19 ga Satumba, 1986

Iddir,

Sallama. Ina fata ka isa lafiya. Tuda tana gaishe ka. Ta naɗe bargon ta mayar. Ni ina nan.

Ka tambaya me ka yi. Zan faɗa maka yadda aka yi, don kana da hakkin sani.

Mai gadi ya iso da wasiƙarka ranar tara da hantsi. Na karanta a tsaye a ƙofar gida. Da na zo inda ka ce ka rubuta mini shirin tun Afrilu, na ce ƙarya kake yi kamar ubanka. Tuda tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Takarda biyu ce a cikin ambulan ɗin nan. Na ji da hannuna ranar da ka jefar. Ɗaya ka karanta." Na buɗe akwati. Tana nan a naɗe a bayan ta farko, ko lanƙwasarta ba a buɗe ba. Na karanta har inda ka ce in akwai abin da bai yi ba in faɗa maka, akwai lokaci.

Layi ɗaya ya isa. Ba garke ake hanawa ba, kofato ake hanawa, ko na jaki ɗaya ne, ko na mai bukka, ko na shugaban dattawa da kansa. Ciyawar sai ta zubar da iri kafin baki ya taɓa ta, shi ya sa ka same ta yadda ka same ta. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan a nan, shi ya sa bai zo mini a rai in rubuta ba. Kuma gidan da ya karya hurumi ba ya hawa a wannan shekara.

Dattawa sun zauna a ranar bayan azahar, a farfajiyar masallaci. Aka zazzage ciyawar daga hula a tsakiyar tabarma. Na sa rigata ta Idi na je. Na yi magana, Iddir, irin wadda ban yi ba tun ina makaranta. Na ce doka ta ce a ga hayaƙi, an kuwa gani, daga hannun mai jinin gida. Shugaban dattawa, Amghar Lusain, ya ce, "Hayaƙin ranar goma muke ƙirgawa, Addi. Na ranar takwas shi ya kai masu gadi wurin." Na ce dawakin ba namu ba ne, na mutanen kudu ne. Ya ce, "Wa ya ja linzamin?" Na ce yaron baƙo ne, a ƙasar wasu aka haife shi, bai sani ba. Sai Birik ya gyara zama ya ce, "To, Ɗalibi, zaɓi ɗaya mana. In baƙo ne, wutarsa ba taku ba ce. In ɗan gida ne, kofatonsa naku ne. Ko akwai na uku a littafin?" Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan yanka rago in ciyar da majalisa. Suka ce wannan dole ne, na ciyawa ne. Na ce a bar ni ni kaɗai in hau gobe, ba dabba, ko da rarrafe. Wani tsoho, Muha, wanda muka yi shekara talatin muna aron gishiri a can sama, ya ce a duba, mutumin nan bai taɓa saɓa wa hurumi ba. Amghar ya dube ni. Ya ce, "Shekara tara da ta wuce an hana gidan gwauruwar Ihya hawa saboda ɗan maraƙi ɗaya da ya tsinke igiya. Wa ya rubuta hukuncin a takarda?" Ni na rubuta. An ce a kira Ɗalibi, na zo na rubuta da hannuna mai kyau.

Ya tambaye ni abu ɗaya a ƙarshe, a hankali, ba don ya kunyata ni ba. Ya ce, "Yaron ya ce ya sanar da kai tun bazara. Haka ne?" Da na ce a'a, da sun ɗora maka, su ce ɗan Faransa ne mara kunya. Hukuncin ba zai canja ba ko ta yaya. Na ce haka ne.

Washegari gari ya hau. Na zauna a kan soro ina jin kukan tumaki da guɗar mata har suka sha kwana. Goɗiya ta yi ta zagaya turke tana haniniya, ta san ranar. Ba a ci abinci a gidan nan ba sai ragowar ragon dattawa.

Kada ka aiko da komai, babu abin da za a saya. Kada ka faɗa wa ubanka, ko ka faɗa masa, duk ɗaya ne. Ka ce ka ga lissafi a jikin ginshiƙi. Ban gama shi ba, kuma na manta me nake nema. Na ji daɗi da ka ga wurin da ciyawarsa a tsaye. Ni ban taɓa ganinsa haka ba, kullum a bayan tumaki dubu nake isa.

Dattawa sun sake zama ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko. Ba ni aka kira in rubuta ba, malamin makarantar yara ne ya rubuta. An ba gidan Ubaha bukkar da idon ruwan. Gidanmu ba shi da wuri a Tizgi.

Addi u Bihi